Yadda Na Kai Gansakuka Bakin Teku

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. In na taso daga makaranta, kafin in kai bakin kasuwar Gwaram mutum uku sun tare ni. Wannan ya ce, "Malam Audu, wai da gaske ne ruwan teku gishiri ne?" Wancan ya ce, "Ana hango ɗaya gaɓar kuwa?" Ina ba su amsa daidai gwargwado, amma da zarar an zo kan abin da ya kai ni, sai in kawo wata hira. Yau dai na ɗauki alƙalami zan faɗe shi duka, har da wurin da ban so a ji ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya karanta ya huta da tambaya, ni ma in huta da amsa.

Ni malamin kimiyya ne a Gwaram, amma ƙauyenmu yana kusa da Sundimina, ƙasar Birnin Kudu. Bayan ƙauyen akwai wani dutse da muke kira Dutsen Inuwa. Gefensa ɗaya ya ranƙwafo kamar rumfa, rana ba ta leƙa ƙarƙashinsa, da damina kuma ruwa yana tsattsafowa daga wata tsaga. A nan wata irin gansakuka take fitowa. Ba irin koren yauƙin nan na saman kududdufi ba, wannan lallausa ce, a manne take da dutse, faɗinta duka bai wuce buzun salla biyu ba. Da rani ta bushe ta yi baƙi ƙirin kamar ta mutu, ruwan farko yana sauka ta koma kore shar.

Gwaggo Hansatu, yayar mahaifina, ita ke da wannan wuri. Ba wanda ya ba ta, ba kuma wanda ya taɓa ja da ita. Da gansakukar take haɗa maganin ƙuna, ta niƙa ta cuɗa da man shanu, mata na zuwa wurinta har daga wasu ƙauyuka. Tun ina ƙarami ban taɓa ganin ta ɗebi abin da ya wuce tsunkule uku ba. Ni a lokacin rowa na ɗauki abin.

To, kun san yadda zamanin nan yake. Kuɗin mai sun shigo, kowa ya zama ɗan kwangila, ko'ina ka juya ana shimfiɗa kwalta. Wata rana aka wayi gari an shafa wa Dutsen Inuwa jan fenti. Wai bayan kaka za a sa masa nakiya a farfasa, a yi tsakuwar titi. Gwaggo ta je wurin maigari, ya ce abin daga sama ya zo, ya fi ƙarfinsa. Sai ta aiko a kira ni.

"Audu," ta ce, "shekara nawa ubanka yana noma shi kaɗai kana can kana boko? To, bokon naka ba ya tare nakiya?"

Na ce, "Gwaggo, yana tarewa. Ki bar mini."

Na rubuta takarda zuwa Kano, aka amso mini cewa in wani masani ya shaida abin da ke jikin dutsen ba a cika samunsa ba, za a duba. Nan take na tuna da Malam Kofi, mutumin Gana, wanda ya koya mana ilimin tsirrai da dabbobi a kwalejin horon malamai. Ya yi shekara goma a Arewa, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, yanzu ya tsufa ya koma garinsu a bakin teku. Da na so da na aika masa da ɗan gansakukar ta gidan waya. Amma zuwa da kai ya fi aike, kuma gaskiya shekara takwas ina nuna wa yara teku a taswira da tsinken alli ban taɓa ganinta ba. Hutun bazara yana zuwa na yi fasfo, na yi allura, na shirya.

Ana jibi zan tashi na je ƙauye in ɗebi gansakukar. Na tarar Gwaggo ta tafi suna Unguwar Ya, sai bayan kwana uku. Na ɗauki cokalin magina na nufi dutsen da hantsi. Da farko kwalin ashana na cika. Na dube shi a tafin hannuna sai kunya ta kama ni. Wa zai ratsa ƙasa huɗu ya durƙusa gaban malaminsa ya miƙa masa kwalin ashana? Mu nan ko daddawa za ka kai wa babba sai ka cika ƙwarya. Na koma gida na ɗauko garwa wankakkiya, na kankare dutsen tas kafin azahar, na rufe da murfi na ɗaure da igiya. Na dubi wurin ya yi fes, na ce ai ciyawa ce, ko gona aka nome damina na zuwa za ta tsiro. Na tafi ina jin daɗin kaina.

Daga Birnin Kudu na shiga babbar mota zuwa Kano, daga Kano na hau jirgin ƙasa na Ikko. A jirgin ne Allah ya haɗa ni da Alhaji Ɗanlami, falken goro, gajere mai ƙiba, wanda ya san hanyar Gana kamar yunwar cikinsa. Tun kafin Zariya ya fara kallon garwata.

"Malam, zuma ce?"

Na ce a'a.

"Man shanu?"

Na kwance na nuna masa. Ya leƙa, ya shinshina, ya ɗago ya dube ni da tausayi.

"Wannan kake kai wa har Gana? Malam, a can ko bangon masai yana fitar da irinta kyauta. Allah ya ba ka lafiya."

Na yi masa bayani na rabin sa'a, ya yi barci tun ban kai tsakiya ba. Amma mutumin kirki ne, ya ce tunda hanyarmu ɗaya ba zai bar ni in ɓata ba. A Mina wata Bayarabiya mai kayan albasa ta shigo, ta rasa wurin zama, ta ɗora kanta a kan garwata ba ko sallama. Na yi magana, ta amsa da Yarbanci mai tsawo, duk taragon aka yi dariya. Har Ilori tana kai. Da za ta sauka ta saya mini tuwon garin doya, baƙi, da miyar da ta sha barkono. Loma uku na yi hawaye suka zubo. Alhaji ya ƙarasa sauran yana yi mini wa'azi a kan almubazzaranci.

Ikko ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, da yawanku kun je. Motoci sun cushe, mutum yana tafiya da ƙafa yana wuce Marsandi. Muka kwana ɗaya a wurin wani ɗan'uwan Alhaji a unguwar Hausawa, mu bakwai a ɗaki, sauro kuwa kamar aiko shi aka yi. Da safe muka shiga motar haya ta ƙasar Dahomi.

A kan iyaka aka sauke mu duka. Jami'in da ke duba kaya dogo ne mai gashin baki, ba ya jin Hausa, ba ya jin Ingilishi, sai Faransanci. Ya buɗe garwa, ya ga baƙin abu busasshe, ya murza a yatsa, ya kira 'yan'uwansa biyu. Alhaji, da yake yana tsintar Faransancin kasuwa, ya matso ya raɗa mini.

"Malam, ka shiga uku. Cewa yake tabar wiwi ce."

Ni da ko taba sigari ban taɓa sha ba! Na fito da takardar Kano, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya miƙo mini. Direba ya fara sauke akwatina daga mota. Nan malantata ta motsa. Na ce Alhaji ya roƙa mini ruwa a kofi. Na ɗebi kaɗan na ɗora a kan teburinsa, na yayyafa ruwa, na ce su dakata. Jama'a suka kewaye mu. Ba a jima ba abin ya fara motsi, ya kumbura, 'yan ganyayyakinsa suka buɗe, baƙin ya koma kore shar a gaban idonsu. Jami'in ya ja da baya har ya ture kujera. Ya buga hatimi a fasfona da sauri, ya nuna garwar, ya nuna hanya, bai ƙara taɓa ta ba. Daga nan har Kwatano ba wanda ya matse ni a mota, wata mata ma ta nemi in yi wa ɗanta addu'a.

Dahomi da Togo siraran ƙasashe ne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Wanda na saya a bakin iyakar Togo ban gama shi ba muka kai iyakar Gana. Abin da ya ba ni mamaki a duk hanyar shi ne kasuwa ta mata ce. Su ke da rumfuna, su ke ciniki, su ke daka wa direba tsawa, maza suna gefe suna ɗaukar kaya. Na ce da Alhaji da Gwaggota a nan aka haife ta da ita ce sarkin kasuwa.

A Ankara muka sauka a zango, wato unguwar Hausawa, gidan mai masaukin Alhaji. Mutanen kirki ne ƙwarai, kakanninsu daga Kano da Katsina, amma Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Maigidan ya ce mini, "Matana ya dafa maka abinci." Na ƙunshe dariya na yi godiya. Da safe koko da ƙosai, sai ka rantse kana Gwaram. Da rana kuwa aka kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami da aka dafa cikin ɓawonta, da soyayyen kifi da barkono. Ranar farko na ɗauka ya lalace ne, har na so in yi wa uwargida magana a asirce. Rana ta biyu na ci biyu. Nan muka rabu da Alhaji, shi zai yi arewa wajen masu goro. Ya sa ni a motar da za ta yi yamma, ya ce da ni, "In malamin naka ya ƙi saye, kada ka sake ka dawo da ita, ka zubar ka cika garwar da gishiri."

Garin Malam Kofi ƙaramin garin masunta ne. Na isa da hantsi, matarsa ta karɓi kayana, ta ce yana bakin ruwa ana jan taru. Na bar garwa a ɗaki na bi hanyar da ta nuna mini. Tun ban ga teku ba na ji ƙararta. Da na gan ta kuwa, gaskiya tsoro na ji. Gani ya kori ji. Na tsaya ina tasbihi, igiyar ruwa ta zo ta daki ƙafafuna ta tafi da takalmina ɗaya. Shi ya sa na isa gaban malamina ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Ya tsufa, kansa fari fat, amma yana ganina ya gane ni.

"Audu na Birnin Kudu! Har yanzu kana ɗaga hannu kafin a gama tambaya?"

Na durƙusa na gaishe shi. Bai bari na gama ba ya ja hannuna, wai in zo in ga abin da ya koya mana a allo. Maza kamar talatin suna jan igiya suna waƙa, taru ya iso gaɓa cike da kifi. A cikinsu akwai wata halitta da ban taɓa gani ba. Faɗi gare ta kamar faifai, amma ta fi babban faifai girma, idanu a sama, baki a ƙasa, ga wutsiya doguwa kamar bulala. Na miƙa hannu zan taɓa, Malam ya doke hannun.

"Akwai ƙaya mai dafi a wutsiyar. Ka ga, kifi ne, amma duk jikinta ba ƙashi ko ɗaya, guringuntsi ne. Danginta ba su ne tarwaɗa da karfasa ba. Ɗan'uwanta na kusa shi ne babban kifin nan mai haƙora da ake cewa yana cin mutane."

Nan take na sa mata suna kifin faifai, na kuma ƙudura sai na saye ta. In aka busar da ita na kai Gwaram na rataye a aji, ai an gama musu da ni har abada. Ina cikin neman a yi mini tafinta, wani tsohon masunci ya tsuguna ya taɓa bayanta wajen gindin wutsiya, inda ya ɗan tasa. Ya yi magana da yarensu. Mutum biyu suka zura mata faffaɗan katako a ƙarƙashi, suka shiga ruwa har gwiwa suka sake ta. Ta kaɗa gefunanta ta ɓace.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, wannan wane irin camfi ne? Abinci ya zo har hannu a mayar?"

"Ciki gare ta," in ji shi. "Ba ƙwai take zubarwa dubu-dubu kamar sauran kifi ba. Haihuwa take yi, 'ya'ya kaɗan, da wutsiyarsu da komai. Tsofaffin nan ba su karanta littafina ba, amma ba sa cin mai ciki. Gobe Talata ma ba mai shiga ruwa, ranar hutun teku ce. Manyan jiragen nan masu inji da kake hangowa can, su ba ruwansu da mai ciki, ba ruwansu da Talata. Shekara goma da suka wuce ba a jan taru a rasa irinta. Yanzu sai a yi mako."

Na gyaɗa kai kamar mai fahimta. Har na yi tsaki na ce wasu mutane ba su da tunanin gobe.

Bayan mun ci abinci na yi azahar, na ɗauko garwa na dire a gabansa, na ba shi labarin dutse da jan fenti da nakiya. Ya ɗebi ɗan kaɗan da hantsaki, ya ɗiga masa ruwa, ya sa a ƙarƙashin madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Ya daɗe bai ɗago ba. Ya tashi ya sauko da littattafai uku, ya duba wannan ya duba wancan. Ni kuwa ina zaune na harɗe ƙafa kamar wanda ya kawo sadaki da ƙari.

"Audu, ban ce babu ita a ko'ina a duniya ba," ya ce. "Amma ni ban taɓa ganinta ba, littattafaina kuma ba su san da ita a ƙasarku ba. Zan aika wa waɗanda suka fi ni sani. Takardar da kake nema zan rubuta maka yau."

Daɗi ya kama ni. Shi kuma malanta ta motsa masa, ya jawo takarda ya ja layi a tsakiya kamar yadda yake yi mana a aji. Gefe ɗaya kifin faifai, gefe ɗaya gansakuka. Wannan dabba ce mai jini da ido, ana haihuwarta. Wannan tsiro ne, amma ba fure, ba 'ya'ya, ba saiwar kirki, ko jijiyar jan ruwa ba ta da ita, da jikinta take sha. Ya ce ba danginsu ɗaya da koren kududdufi ba ko da yake suna ɗaya muke kiransu. Sai ya gangaro kan mazauni.

"Kifin nan gidanta ya fi ƙasarku tsawo. Daga Sanagal har Angola ana kama ta, kowace ƙabila da sunan da take kiranta. Amma haihuwarta kaɗan ce, saboda haka in za a ƙarar da ita sai an haɗu, jirage da yawa, shekaru da yawa. Ita kuwa gansakukar taka, irin da take zubarwa kamar ƙura yake, ba ya ƙirguwa, amma gidanta ka ce buzu biyu ne. Wannan ba ta bukatar jirage. Mutum ɗaya zai iya ƙarar da ita kafin azahar."

Ya ajiye alƙalami. Sai a lokacin ya dubi garwar da kyau, ya ga a cike take har wuya.

"Nawa ka bari a jikin dutsen?"

Na ce, "Malam, ai ciyawa ce, da damina..."

"Audu. Nawa ka bari?"

Na ce ban bar komai ba.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ɗauki ɗan tsunkulen da ya duba ya sa a ambulan, ya ce wannan ya ishe shi, ya ishi duk masanan da zai aika wa. Ya ce abin da na kankare a hantsi ɗaya wataƙila ya girmi kakana, don irin wannan a shekara ba ta ƙara faɗin farce. Ya ce takardarsa za ta nemi a turo mai dubawa da damina ya ga abin a inda yake. "In ya zo ya tarar da dutse tsirara, me zai hana nakiya?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Garin neman gira na rasa ido. Ɗan kwangila fenti kawai ya shafa, ni ne na yi aikin. Na ce Malam, yanzu yaya zan yi? Ya ce tunda a bushe take tana nan da rai. Kada ruwa ya taɓa ta a hanya. In na koma in jira ruwan farko, a marmasa ta, a cuɗa da laka daga tsagar dutsen, a manna da tafin hannu. "Wataƙila ta kama, wataƙila ta ƙi. Kuma ka bar wa tsohuwar nan ta yi, ta fi ka sanin abin."

Na yi niyyar mako guda a wurinsa, kwana biyu na yi. Duk hanyar dawowa garwar tana kan cinyata, na lulluɓe ta da rigar ruwa, ko salla zan yi sai na ajiye ta a gabana. A kan iyakar Dahomi na tarar da jami'in nan mai gashin baki, yana hango ni ya ɗaga mini hannu in wuce.

Na isa ƙauye da la'asar. Gwaggo tana tsakar gida tana tsince wake. Ta rame. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta fara.

"Audu, ka yi wahalar banza, sun riga ka. Ina dawowa daga Unguwar Ya matar Sale maƙwabcinmu ta ƙone da kunu, hannu har gwiwa. Na je dutse in ɗebo, na tarar an kankare shi kamar an yi masa aski. Haka aka ɗauke ta sai asibiti, ni ina tsaye hannu rabbana. Mutanen ɗan kwangilar nan ne, don kada a sami abin nunawa. Kwana goma sha shida ke nan, duk salla sai na ce hannun da ya yi wannan aiki Allah ya hana shi albarka."

Kowa ya san bakin gwaggo ba abin wasa ba ne. Ba wanda ya gan ni ranar da na yi, da na yi shiru da shi ke nan. Amma garwar tana gabana, ba kuma yadda za a mayar da abin ba tare da Gwaggo ba. Na kwance igiya na buɗe murfi na tura mata.

Ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi hannuna na dama.

"Kai ne?"

"Ni ne, Gwaggo. Na ga kwalin ashana ya yi kaɗan a kai wa babba."

"Sai ka kai masa da uwar da 'ya'yan." Ta rufe garwar ta ja ta kusa da ita. "Abin da na faɗa na faɗa, ba ni na riƙe shi ba yanzu. In ta kama zan janye. In ba ta kama ba, ka je ka nemi wata gwaggon."

Ruwan farko ya sauka bayan mako uku. Ita ta marmasa, ita ta cuɗa, ita ta manna. Ni nawa ɗauko laka da riƙe ƙwarya, ko sau ɗaya ba ta bari na taɓa ba. Ruwa na biyu ya zo da ƙarfi ya wanke fiye da rabi. Duk Asabar ina kan keke daga Gwaram, in tsuguna in yi ta kallon baƙar laka. Sai da damina ta yi tsaka sannan wani wuri kusa da tsagar ya yi kore, faɗinsa kamar tafin hannu biyu.

A makon ne mai dubawa ya zo daga Kano a motar gwamnati. Maigari yana nan, hedimastanmu yana nan, wakilin ɗan kwangila yana nan, rabin ƙauye ya fito. Mutumin ya tsuguna ya duba da madubinsa, ya karanta takardar Malam Kofi, ya ɗaure fuska.

"An rubuta mini buzu biyu. Wannan ko hula ba ta kai ba. Inna, me ya cinye sauran?"

Na ɗaga hannu zan yi magana, Gwaggo ta riga ni.

"Akuya ce, ɗan nan."

Ya rubuta. Ya ce lalle abin yana cikin haɗari ta fuska biyu, ga nakiya ga dabbobi. Bayan wata guda takarda ta zo a bar Dutsen Inuwa, ɗan kwangila ya koma wani tsauni can gaba. Aka kuma aiko da waya da turaku aka kewaye wurin saboda awaki, har da ƙofa da kwaɗo. Maigari ya miƙa wa Gwaggo makulli a gaban jama'a, ta ɗaure shi a bakin zanenta.

Ranar da aka gama kafa wayar ta kira ni ɗakinta. Ta ce ta yi azumi uku saboda ƙaryar da ta yi wa baƙo don ta rufa mini asiri. Ta kama hannuna na dama ta tofa masa addu'a, ta ce ta janye, Allah ya yi mini albarka. Na yi kuka, ban ji kunyar faɗa ba. Da na ga fuskarta ta saki, sai na ce ko za ta ara mini makullin ranar Laraba, ina so in kawo 'yan ajina su gani.

Ta dafe bakin zanenta.

"Yaran ka turo su, ni zan nuna musu. Albarka dai na sa maka, Audu. Makulli kuwa, ai saboda kai aka kafa wayar."